Rim na Gaban Dama Ya Rasu a Hanyar Sabuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, ni Zailani Tafoki, direban Golf mai jigilar fasinja tsakanin Faskari da Sabuwa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukkan direbobin tasha rasuwar rim ɗin motata na gaban dama, wato ƙarfen da taya take zaune a kai, wanda aka fi sani da Farin Wata. Ya rasu ranar Larabar da ta gabata, jim kaɗan bayan la'asar, sakamakon wata rashin lafiya da aka ɓoye mana da gangan.

An haifi marigayin a ƙasar waje. Ya iso Kwatano a jirgin ruwa tare da 'yan uwansa uku, dukansu na alminiyo, kowanne da yatsu biyar. Shekara goma sha ɗaya muka yi tare. Duk direban da ya san hanyoyinmu ya san irin rayuwar rim na gaban dama. Shi ne yake fara sauka daga kwalta idan tirela ta taho ta tsakiya. Shi ne yake cin bakin titi inda ruwa ya zaizaye. Marigayin ya yi wannan aiki ba tare da ya taɓa lanƙwashewa ba. Ya ɗauki masara daga Mairuwa, ya ɗauki ragunan layya, ya ɗauki fasinja bakwai a motar da aka yi wa biyar. Ranar da maiɗakina Halimatu Sa'adiya ta tashi da naƙudar tagwaye, shi ya kai mu Funtua ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai zame ko sau ɗaya ba.

Ba mai yawan magana ba ne. Idan tsakuwa ta same shi sai ya ce ƙyal, ya yi shiru. Idan na jefa shi rami da ganganci sai ya ce gum, sau ɗaya tak, bai taɓa maimaitawa ba.

Bayan damina ya ɗan dusashe. Wasu fararen tabo suka fito masa, gefensa ya kwarzane. Lafiyarsa ƙalau a iya sanina, tsufa ne kawai ya nuna a fuska. A lokacin ne Nasir, abokin aikinmu a tasha, ya dawo daga Kaduna da rim baƙaƙe wuluk masu sheƙi, muka taru muna kallo. Ya ce wannan shi ne fentin hoda. A cewarsa, sai an fara feshe rim da yashi har ƙarfen ya fito tsirara, a duba shi ciki da waje, sannan a fesa masa wata hoda, a sa shi a tanda a gasa har hodar ta narke ta kama jikinsa. Tsakuwa ba ta ɓantarar ta, fetur ba ya wanke ta. Fentin feshi kuwa a sama yake zama, wata biyu ya fara ɓarewa. Na ƙudura a raina zan kai su huɗun Kaduna, don na ga sun cancanta.

Labari ya kai kunnen Barau mai fenti na Kankara. Ga wanda bai san shi ba, ni da Barau benci ɗaya muka zauna a firamaren Tafoki, kuma shi yake auren ƙanwata Hamida. Takanas ya hawo babur ya same ni a tasha.

"Haba Zailani, ina raye ka kai aiki Kaduna?" in ji shi. "Mi suke da shi wanda ban da shi? Na sawo injin, ga tandar nan."

Ya nuna mini hoto a waya. Na ga tanda babba kamar ɗaki, na ga rim a rataye a ciki. Ban tambayi komai ba, domin ba a tambayar Barau irin wannan tambaya. Na kwance su huɗu da hannuna na kai masa, na ari rim na ƙarfe na lallaɓa kwana biyar.

Ranar da na je ɗauka suna sheƙi, har da ɗuminsu. Da na sunkuya sai na ji ƙamshin burodi. Na ɗago na dube shi.

"Haka hodar take ƙamshi in ta nuna," in ji Barau.

Na yi masa godiya. Wannan godiya tana cikin abubuwan da suke hana ni sakewa yau.

Sati shida marigayin ya yi yana jinya ban gane ba. Tayarsa ta fara rage iska duk bayan kwana biyu. Mai faci ya tsoma ta a ruwa har sau uku bai ga ƙusa ba. Sai marigayin ya fara wata magana da ban san shi da ita ba, ƙis, ƙis, ƙis, duk lokacin da na karya kwana. Na kira Barau a waya na kara masa ya ji. Ya ce fentin ne yake zama, in ba shi lokaci.

Ranar Laraba na taso daga Sabuwa da fasinja shida, cikinsu har da wata dattijuwa da wata mai goyo. Mun shiga wurin nan da kowa ya san ba a tsayawa idan rana ta karkata, inda gonaki suke ƙarewa daji ya matso bakin titi. Akwai wani rami a wurin wanda marigayin ya shiga ya fita ya fi sau ɗari. A wannan karon da ya shiga sai ya ce ƙarass. Ita ce kalmarsa ta ƙarshe. Sitiyari ya ƙwace daga hannuna, motar ta ja dama, ta tsaya saura taki ɗaya ta faɗa kwalbati.

Babu wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi. Amma babu wanda ya kalli motar ma, duk daji muke kallo. Na durƙusa da jak, ƙasa ta yi laushi, jak ɗin yana nutsewa. Wani fasinja ya ɗauko dutse muka ɗora. Dattijuwar tana ta salati, mai goyon ta toshe bakin ɗanta da mayafi. Ina ɗaure noti na biyu muka ji ƙarar babura daga nesa. Maza biyu suka faɗa cikin dawa. Ni ina nan durƙushe a gindin taya. Ashe manoma ne suke komawa gida. Suka tsaya suka kama mana, muka ƙarasa.

Washegari na kai gawar wurin Malam Mamuda mai walda domin bincike. Ya sa farcen babban yatsa ya kankara, fentin ya ɗago kamar ɓawon gyaɗa. Ya jiƙa tsumma da fetur ya goga, tsumman ya koma baƙi. A ƙarƙashi ga tsohuwar dauɗa nan, ko wanke ta ba a yi ba, balle yashi. Da ya kifa shi, sai ga tsaga ta ciki mai tsawon yatsa, an cike ta da filar da ake toshe lotsewar mota da ita, an goge ta sumul.

"Wanda ya yi wanga aiki ya ga tsagar," in ji Malam Mamuda. "Dubi yadda ya bi ta a hankali. Da ya faɗa maka, da na ce ka aje shi ka nemi wani, shi ke nan."

Sauran labarin a bakin mai gidan burodin da ke maƙwabtaka da shagon Barau na ji shi. Ashe Barau ba shi da inji ba shi da tanda, fentin gwangwani aka fesa musu a bayan shago. Da aka ji na kusa isowa, sai aka jingina su a bakin tandar burodin don su yi ɗumi.

Maganar burodi direbobi suke ta yi wa dariya, kuma ban hana kowa ba. Ni tsagar ce take ci mini rai. Barau ya gan ta, ya taɓa ta da yatsa, ya zauna ya rufe ta da kyau, ya miƙo mini. Bayan haka sau biyu Hamida da 'ya'yansa suna zama a kujerar gaba, daidai kan wannan rim, shi da kansa yake rufe musu ƙofa.

Na je Kankara na same shi yana fentin wani get. Na ajiye gawar a gabansa.

"Na riga na faɗa a majalisa cewa na sawo injin," in ji shi. "Kunya ta hana ni in janye."

Na ce ban zo don injin ba, tsagar nake tambaya.

"Na zaci filar za ta riƙe."

Ya aika aka kawo mini ruwa. Ban sha ba.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan uwa uku, waɗanda su ma fentinsu ya fara zuba, kuma ba za su sake hawa titi ba sai an kai su Kaduna an tuɓe su an duba. Ya bar taya ɗaya da ta yage tare da shi, da notuna uku, na huɗun yana can cikin ciyawa a hanyar Sabuwa, ba ni da niyyar komawa nema. Ya bar ni, da motar da ke tsaye a kan bulo a ƙofar gida.

Na tuntuɓi Liman, ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, sai dai mu roƙi Allah Ya musanya da mafi alheri. Saboda haka za a wanke marigayin da fetur da buroshin ƙarfe ranar Juma'a da safe a garejin Malam Mamuda, har sai babu ɗigon fenti a jikinsa. Za a shimfiɗe shi a tashar Faskari ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dalbejiya, daga bayan sallar Juma'a zuwa la'asar, inda za a karɓi gaisuwa. Ana roƙon masu zuwa kada su ce da Kaduna na kai. Na ji, ya isa. Daga nan za a wuce da shi Funtua wurin masu narka alminiyo.

Hamida ta aiko tana tambaya ko mijinta zai iya zuwa. Na ce ya zo. An ware masa wuri a tabarmar gaba, ta ɓangaren tsagar. Ba sai ya ce komai ba. Idan an tashi, shi zai ɗauki marigayin da hannunsa ya sa a but ɗin motar da za ta kai shi Funtua.