Facin da Baba ya yi wa jirgi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai surukina kallon tsofaffin jiragen yaƙi. Ko yanzu na tuna sai in ji gajiya ta sauko mini.

Baba, mahaifin matata, tsohon makanikin sojan sama ne, yana zaune a Ƙofar Gayan. Idanunsa sun fara dushewa, ya ce yana so ya sake ganin jirgin da ya yi wa aiki kafin su rufe. 'Ya'yansa kowa ya kawo uzuri, ni kuwa uban neman suna na ce zan kai shi. Shekara bakwai da aurenmu, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ganin kaina ba hula ba. Wannan girman nake tattali kamar ƙwai. Don haka na ɗauko babbar rigar angwancina, shadda ta sha sitaci (rigar tana nan yadda take, tumbina ne ya ci gaba).

Muka isa gidan ajiyar tsofaffin jiragen da rana tsaka. Baba ya bi jiragen yana shafawa har ya tsaya gaban wani kore. Ya ce akwai facin ƙarfe da ya yi da hannunsa a hagun kujerar matuƙi, yana so ya san ko yana nan. Sojan da ke kula da wurin ya ga katinsa na ritaya ya yarda a hau, amma gwiwar Baba ba ta tsani ba ce. Sai ya juyo gare ni.

Na hau ina haki, na cusa kaina cikin kujerar. Shiga dai na shiga. Da na yunƙura zan fito sai na ji babu hali: tumbi ya tokare, rigar ta maƙale a wani ƙarfe. Mutane suka taru, wasu har da ɗaga waya. Sojan ya hau ya duba, ya ce, "Alhaji, sai fa an cire rigar nan."

Aka cire. Hula ta bi ta, ta gangara ƙasa. Da sojan da wani abokin aikinsa suka ja ni su biyu, zariyar wandona ta tsinke. Haka na sauko, hannu ɗaya a tsani ɗaya a wando, da singileti mai huji uku. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na durƙusa gaban Baba ina jiran abin da zai ce. Ashe daga inda yake bai ga komai ba sai inuwa. Ya kamo hannuna, ya ce, "Yaya, yana nan?"

Wallahi ban duba ba. Tun da na zauna, rigata kawai nake tunani. Ƙarya ta zo bakina, na haɗiye ta. Na ɗaure wando da igiyar da sojan ya ba ni, na sake hawa, wannan karon leƙawa kawai na yi. Facin yana nan, da ƙusoshi shida. Da na faɗa masa ya share ido, ya sa mini albarkar da bai taɓa sa mini ba.

Shekara bakwai ina kashe kuɗin sitaci don mutumin da ba ya gani, sai a singileti na samu shiga. Duk da haka, washegari na sayi sababbi guda uku.