Dokta Zamudio da Ƙasar da Canela Za Ta Yi Ƙwai a Ciki

A duk garin Xalapa babu wanda ya san ƙasa kamar Dokta Eleuterio Zamudio. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da ilimin ƙasar noma a jami'a. Ɗalibai suna kiransa Sarkin Turɓaya, shi kuma ya ɗauka yabo ne. Na san shi sarai, domin fuskarsa nake gani a madubi kowace safiya idan ina aske gemuna.

Da 'yarsa Citlali ta rasu, ta bar littattafai, da keke, da wata tsaka mai zanen damisa da take kiwo a akwatin gilashi. Sunanta Canela. Wata biyar bayan haka, matarsa Ofelia ta ɗaga tsakar ta ga fararen ƙwai biyu ta fatar cikinta. Likitan dabbobi ya ce ko babu namiji takan yi ƙwai, amma in ba ta sami wuri mai danshi da za ta tona ba, za ta riƙe su a ciki har su kashe ta.

Dokta ya gyara zaman tabarau. "Ofelia, wannan maganar ƙasa ce. Ta zo gidan da ya dace."

Aikinsa na farko shi ne fitar da wata tsohuwar robar askirim da ke kusurwar akwatin, an huda murfinta, cike da busasshen zaren ɓawon kwakwa. Bai ko buɗe ta ba. Ya ce aikin yara ne, ya ɗora ta kan kabad.

Daga nan ilimi ya soma. Ya kawo yashi mai laushi, sai ya tuna tsaka tana lasar abin da take takawa, yashin zai toshe mata hanji. Ya kawo ƙasar tukwanen fure, ya shinshina, ya ji taki. Ya tafi gonar kofi ya ɗebo baƙar ƙasa, ya tankaɗe ta da rariyar Ofelia, ya gasa ta awa biyu a tandar da ake gasa mana kaza, don a kashe ƙwayoyin cuta. Ranar nan da burodi da wake muka kwana. Ƙasar ta fito tsaf, busasshiya kamar garin siminti. Ya ɗiɗɗiga mata ruwa da sirinji, ya soka ma'auni, ya rubuta sakamako a littafi.

Canela ta leƙa, ta juya, ta koma ta kwanta.

"Dabbar ba ta fahimci abin da aka yi mata ba," in ji Dokta.

"To karanta mata takardun digirinka mana, tsoho," in ji Ofelia. "Wataƙila ba ta san wa ke mata aiki ba."

Kwana tara, gwaji takwas. Canela ta daina cin gyare. Wutsiyarta, da take da kauri kamar ɗan yatsa, ta soma ramewa. Dokta ya ƙara tsawon jawabansa a kan teburin cin abinci, domin idan ya yi shiru sai ya tuna ko ta wace ce tsakar.

Ranar ta goma Ofelia ta hau kujera ta sauko da robar askirim. Ta zuba ruwan famfo, ta damƙi zaren kwakwar a tafin hannu ta matse.

"Kashi nawa na ruwa kika sa?"

"Ya dunƙule, bai ɗiga ba. Haka na ga yarinyar tana yi."

"Wannan ba ma'auni ba ne, Ofelia."

"Matsa min." Ta mayar da robar kusurwar akwatin.

Washegari da hantsi Canela tana kwance a bakin robar, cikinta ya saɓe, ƙafafunta duk zare. Ta cafke gyare biyu a jere.

Dokta ya ɗauko littafinsa ya rubuta: "Gwaji na tara, a ƙarƙashin kulawata." Sannan ya ɗaga murfin don ya duba ƙwayayen. Suna nan, biyu, an binne su da kyau. A cikin murfin kuma akwai rubutu da baƙin alƙalami, da hannun da ya sani fiye da nasa:

"KADA BABA YA TAƁA."

Ya mayar da murfin a hankali. Tun daga ranar, aikin Sarkin Turɓaya a gidan nan shi ne sayo gyare.