Hoton Ragon Kawu Sale

Na dawo Gumel daga bitar ƙwararrun masu ɗaukar hoto a Kano ina ji da kaina. An koya mana sarrafa haske da inuwa, an ce hoto na gaske labari yake bayarwa. Ana nan sai Kawu Sale, mai sayar da dabbobi a karar Maigatari, ya kira ni. Layya ta matso, wani Alhaji a Legas yana son ganin ƙaton ragonsa a waya kafin a sa shi a mota.

"Ka ɗauko shi sosai, ya ga jiki," in ji Kawu.

Na ce, "Haba Kawu, ai aikina ne."

Na kwanta rub da ciki cikin kashin tumaki, ina korar dillalai kada su tare min rana. Na ɗauki idon ragon shi kaɗai, da ƙuda a gefe. Na ɗauki inuwar ƙahonsa a ƙasa. Na mai da hotunan baƙi da fari, na tura ba tare da Kawu ya gani ba.

Bayan la'asar saƙon murya ya shigo daga Alhajin, Kawu ya buɗe a gaban jama'a.

"Innalillahi! Sale, yaushe ya mutu? An dai samu yankawa? Allah ya mayar da alheri, na sa an nemo min wani."

Kawu ya dube ni, ya dubi ragon yana tuƙa abinsa.

Na gaji da bayani. Har yau, ko kaza ce ta mutu a unguwarmu, sai an aiko in zo da kyamara, za a sanar da dangi.