Buzuzun Masar a Furar Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta mutanen Gwaram ba za su bar ni ba, da ranar da na je nema wa ɗan ƙanena aure na ɓige da nutsar da buzuzu a cikin furar mutane.

Ni mai faci ne a bakin titi a Birnin Kudu, shekara ashirin da ɗoriya ina zare ƙusa daga taya. Bokona a aji huɗu na firamare ya tsaya. Aikin faci kuwa rabinsa zama ne. Wata rana na je wajen mai tura fina-finai a tasha ya zuba min wa'azi a waya, da ya gama sai ya ce ga gyara, ya ƙara min wani katun na 'yan Japan da aka fassara da Hausa. Na ce me zan yi da wasan yara da furfurata? Ranar da ruwan sama ya hana motoci tsayawa na buɗe kashi na ɗaya. Kafin sati biyu na wuce kashi na talatin, kuma sau biyu ina manna faci a inda babu huda.

Jama'a, labari ne! Wai wani sarkin Masar ne ya sa matsafansa suka ƙera masa kaya biyar, da ya mutu aka binne kowanne a kabari daban. Akwai madubi, in ka duba ba fuskarka za ka gani ba sai abin da ka fi ɓoye wa mutane. Akwai tulu da aka ɗaure guguwar hamada a ciki. Akwai takalmi ƙafa ɗaya tak, mai shi yana taka ruwa kamar tabarma, ga kuma ƙaho mai tada rundunar matattu. Amma ubansu duka shi ne buzuzu, shuɗi, mai ƙafafun zinariya, da zanen ƙananan tsuntsaye a gadon bayansa. Shi aikinsa cin alkawari. Duk alkawarin da aka ƙulla a gabansa sai ya buɗe fiffike ya haɗiye ran ɗaya daga cikin waɗanda aka yi dominsu, kafin wata ya ƙare. Abu ɗaya ne ke sa shi barci: a nutsar da shi cikin nono kafin a ƙarasa maganar.

Kada ku ce ban san zane ba ne. Na sani sarai. Amma a farkon kowane kashi mai fassarar yakan ce, da murya irin ta mai karanta labarai a rediyo, wannan abu ya faru a ƙasar Masar tun kafin kakannin kakanninmu. Sai na yi nawa lissafin. Zamanin Fir'auna akwai kyamara? Babu. To in za a nuna tarihinsa ba dole a zana ba? (Har yau in na tuna lissafin nan sai in ji kamar ya yi daidai, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan.)

To ga Nura. Ɗan ƙanena Garba ne, yana shekara bakwai ubansa ya rasu, a hannuna ya tashi. Garba yana kwance na yi masa alkawari cewa da bakina zan karɓa wa yaron nan aure. Nura ya ga yarinya a Gwaram, Hauwa, kuma waliyyinta baffanta ne, Malam Habu, tsohon malamin Larabci wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana karatu a Masar. Gidan malamai ne, ga shanu. Tun farko an ɗan yi ta ƙus-ƙus cewa ina su ina gidan masu faci. Shi ya sa a mota ƙanena Sale, wanda yake malamin makaranta, ya ja min kunne har sau uku.

"Yaya, ka gaisa, ka ce mun zo neman iri, sai ka yi shiru. Don Allah shirun nan kada ka manta da shi."

Na ce, "Kai Sale, na girme ka da shekara tara."

Da hantsi muka isa. Aka shigar da mu falo, ga darduma, ga littattafai har saman bango, ga firij a lungu. Malam Habu yana zaune da ƙannensa biyu. Aka kawo babbar ƙwarya ta fura da nono, fara sol, an rufe da faifai. Na gaisa, na faɗi abin da ya kawo mu, na yi shiru. Wallahi na yi kyau, har Sale ya gyaɗa min kai.

Ina cikin shirun ne idona ya sauka a ƙofar firij.

Shuɗi. Ƙafafun zinariya. Zanen tsuntsaye a baya. Yana manne a jikin ƙarfe ba ƙusa ba igiya, fuskarsa tana kallonmu. Kuma a gidan wa? Gidan mutumin da ya dawo daga Masar! Na tsorata, amma in faɗa muku gaskiya har da murna a ciki, don ni kaɗai a duk Jigawa na san abin da nake gani. A daidai lokacin Malam ya gyara zama ya fara: "To, alhamdu lillahi. Mun yi bincike a kan yaronku, mun ji alheri. Saboda haka mu a namu ɓangaren mun..."

"Malam, dakata! Kada ka ƙarasa!"

Ban san sa'ad da na tsallake ƙafafun Sale ba. Na cafki buzuzun na ja, ya ɗan riƙe firij ɗin kamar ba ya son rabuwa da shi (nan na ƙara tabbatarwa yana da rai), na fizgo shi, na ɗage faifai na tsunduma shi cikin furar, na danne da ludayi har ƙasan ƙwarya. Fura ta fallatsu a babbar rigar ɗaya daga ƙannen Malam. Na mayar da faifai na rufe, na dafe da hannu biyu ina haki. Ji nake kamar na ciro mutum daga rijiya.

Malam ya ce, a hankali, "Baffan Nura, lafiya?"

"Yanzu dai lafiya, Malam. Allah ne ya sa na zo."

Sale yana jan bakin rigata, na doke hannunsa. Na zauna na zayyana musu komai, tun daga sarki har madubi da tulu da takalmi da ƙaho, na kawo kan buzuzu da yadda da Malam ya ƙarasa maganarsa da ko Nura ko Hauwa ɗaya ba zai ga sabon wata ba. Har faɗa na ɗan yi masa, na ce mutum mai ilmi kamarsa bai kamata ya ajiye irin wannan a inda ake saka ruwan sha ba.

Malam ya ce, "A wane littafi ka karanta wannan?"

"Ba littafi ba ne, Malam, tarihi ne mai motsi. Yana cikin wayata."

Da nan na tsaya ma da sauƙi. Amma sai na zaro wayar na kunna musu, na ƙure murya. Kiɗa ya tashi. Wani yaro mai koren gashi da idanu kamar faranti ya yi tsalle sama yana ihu da Hausa: "Kai buzuzu, yau ƙaryarka ta ƙare!" Ƙanen Malam, wanda na ɓata wa riga, ya toshe baki da hannun rigar ya fita da sauri. Daga zaure muka jiyo shi yana dariya har da tari. Bayan ƙofar cikin gida ma wasu mata suka fashe.

Malam bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun riga, ya sa yatsu a cikin furar ya ciro abin, ya goge da hankici, ya juya min bayansa. "Maganaɗisu ne. Da shi ake manna takarda a jikin firij. A filin jirgi na saya wa yara tsaraba, goma a leda ɗaya." Ya ajiye shi a gabana. "Rai kuma a hannun Allah yake. Ko kana da shakka?"

Na ce babu, da wata murya da ban san ina da ita ba.

"To ku gaida gida. Za ku ji daga gare mu."

Muka kamo hanya har Birnin Kudu. Sai da za mu sauka Sale ya ce, "Yaya, Malam fa shirin ba mu yarinyar yake yi. Bakinsa a buɗe yake." Nura yana ƙofar gida yana jiranmu da murmushi, ni kuwa na wuce shi kamar ina sauri in kama ruwa. Kwana shida ba labari daga Gwaram. Yaron nan bai faɗa min ko kalma ɗaya mai zafi ba, kullum da safe sai ya durƙusa ya gaishe ni, kuma da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Rana ta bakwai na rufe wajen faci na koma Gwaram ni kaɗai, na tsuguna a zauren Malam na ba da haƙuri. Ya dube ni ya ce, "Na san tsoro ne ya sa ka, ba raini ba. Wanda zai zubar da girmansa don kada ɗan ƙanensa ya mutu ba mugu ba ne. Mun ba ku Hauwa. Sai dai 'yan'uwana sun roƙi alfarma ɗaya: ranar ɗaurin aure Malam Sale ya karɓa. Sun ce in kai ka buɗe baki ba za su iya riƙe dariya a masallaci ba."

Haka aka yi. Ina sahu na uku, na ja hula har gira, na ji Sale yana karɓar auren da na yi wa Garba alkawarin zan karɓa da bakina. Wani a bayana yana raɗa wa na kusa da shi, "Ga mai buzuzun can." Na yi hawaye kaɗan, rabi na murna rabi na takaici, mutane suka ɗauka duk na murna ne, ban gyara musu ba.

Darasin da na ɗauka bai da tsawo. In aka tura ka neman aure, ko abin da zai halaka duniya ka hango a falon surukai, ka danne zuciyarka ka bari a shafa Fatiha tukuna.