Turaren da Na Yi wa Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen Rukayya ba. Na so in manta, unguwa ce ta ƙi.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Na binne miji, na binne ƙane. Gobara ta cinye mini ɗaki, ruwan sama ya rushe wani. Ban taɓa zama a tsakar gida ina kuka ba. Bandar kifi na kama, da ita na ci, da ita na riƙe Rukayya, 'yar ƙanena marigayi, tun tana rarrafe. Sana'ar ta ba ni abinci, amma ta karɓe mini hanci. Shekara da shekaru ina tsugune a kan hayaƙi, hancin ya mutu murus. Ko tuwo ne ya ƙone, sai na ga baƙi nake sani. (Ku riƙe wannan magana, za ta dawo.)

Da ƙirjina ya fara ƙin hayaƙi sai na bar banda na koma kiwo. A bayan ɗakina a Ƙofar Wambai akwai ɗan fili da nake shuka alayyafo da yakuwa. Nan na sa aka haƙa mini ƙaramin kududdufi, aka shafe shi da siminti, na zuba 'ya'yan tarwaɗa. Suka kama girma. Da safe in na watsa musu abinci ruwan har tafasa yake yi.

Ana cikin haka Rukayya ta samu miji, ita ta zaɓo abinta. Yaron kirki ne, sai dai gidansu gidan malamai ne da manyan ma'aikata, irin mutanen da ko tari za su yi sai sun ce a gafarce su. Aka sa ranar kawo lefe, aka ce a wurina za a karɓa, tunda ni ce goggo kuma ni ce uwa. Ba ni da kaji, ba ni da abin yin girke-girken zamani. Na dubi kududdufina na ce to, kifi za su ci, kifin da na kiwata da hannuna, su ci har su bari. Ba wanda zai fita gidan nan ya ce marainiya ce shi ya sa aka sallame su da ruwa.

Sai maguna suka ji labari.

Maƙwabciyata Maman Ngozi tana da kantin kayan masarufi, kuma saboda ɓera ta tara maguna. Shugabansu wani jan ƙato ne mai guntun kunne. Tarwaɗa kuwa tana da ɗabi'ar tasowa sama ta shaƙi iska. Shi kuma sai ya kwanta a bakin siminti kamar mai jiran mota, tana tasowa ya kai hannu. Kullum sai na tsinci kai da ƙaya a cikin alayyafo.

Na leƙa ta katanga na ce, "Maman Ngozi, magenki yana cinye mini kifi."

Ta ce, "Haba Mama, mage na ba ya sata. Yana ci abinci a gida, har da madara."

"To wa ke ci? Aljani?"

"Wataƙila kifi yana gudu."

Na ce, "Da ƙafar wa?"

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Ba na kashe mage, ina tsoron Allah. Amma ban da kisa babu abin da ban gwada ba. Na jera ƙaya a bakin ruwan, suka bi ta tsakani, ni ce na taka. Na barbaɗa garin barkono, iska ta dawo mini da shi ido. Na rufa tsohon gidan sauro, Guntun Kunne ya yaga shi ya kwana a kai. Na jefe shi da silifa, silifa ta faɗa ruwa, ya tsaya yana kallona ina lalube. Kifi na raguwa, rana na matsowa.

Ana gobe za a kawo lefe sai ga Baba Ɗanjuma, wani tsohon maharbi daga Zungur da ke kawo mini itace tun ina banda. Na gaya masa halin da nake ciki. Ya sa hannu a jaka ya ciro wani ƙulli.

Ya ce, "Kashin kura ne, an daka shi da gashinta da ɓawon itace. Ki zuba a garwashi a bakin ruwan. Magen da ta shaƙa, ko jikarta ba za ta sake bin layin nan ba."

"Yana da wari?"

"Ke dai ki gode Allah da ya ɗauke miki hanci."

Na karɓa. Amma ban so Rukayya ta gani ba. Yarinyar ta yi Islamiyya ta yi boko, in ta fara wa'azi a kan camfi sai tuwo ya huce. Sai na juye shi a wata tsohuwar kwalbar turaren wuta, na ajiye a kan kabad kusa da kwalbar turare na gaske, wanda ƙawarta ta kawo mata daga Maiduguri. Kwalaben iri ɗaya ne. Abin da ke ciki ma a ido iri ɗaya ne, duk baƙi-baƙi da ɗan itace. Na ce wa kaina, na hagu na kura, na dama na mutane. Wannan ai ko jaki zai riƙe.

Abin da ban lissafa ba shi ne, da safe Rukayya ta share ɗakin, ta sauke komai na kan kabad ta goge, ta mayar, sannan ta tafi gidan ƙawarta, tunda amarya ba ta zama ranar lefe.

Bayan azahar farfesun kifi ya nuna. Maman Ngozi ce ta zo taya ni girki (in ji ta, don ta biya bashin magenta). Murhun kuwa kusa da kududdufin yake, maguna sun jeru a kan katanga kamar 'yan kallo. Na ce yau za ku gane. Na hura kasko biyu. Na ɗauko kwalbar hagu na zuba a ɗaya, na dire a bakin ruwa.

Maman Ngozi ta ɗaga hanci ta ce, "Kai Mama, har kifi ma kina yi masa wannan ƙamshi? Kifi na ki yana jin daɗi fa."

Na ɗauka tsokana ce. Na ce, "Juya miyarki."

Sai ga sallama. Mata ne cike da mota, da akwatuna. Jagorarsu Hajiya Kubra, goggon ango, doguwa mai farin leshi da tabarau, tana magana a hankali kamar mai tsoron kalmomi su fashe. Na shigar da su ɗaki, aka gaisa, aka yi addu'a. Aka buɗe akwatuna ana ɗaga atamfa da leshi da mayafai ɗaya bayan ɗaya.

Na ce a raina, yanzu ne lokacin. Na ɗauko kasko na biyu da kwalbar dama. Na rufe taga, na saki labulen ƙofa don kada ƙamshi ya tsere. Na dumbuza da hannu na zuba. Hayaƙi ya tashi, mai kauri, na ji daɗi.

Ɗakin ya yi tsit.

Na ce to, turare ya kama su. Na fara zagayawa da kasko, mace bayan mace, kamar yadda ake yi. Ta farko ta rufe ido. Ta biyu ta sunkuyar da kai tana motsa baki, na ɗauka salati take yi. Wata matashiya ta cusa fuska a mayafi kafaɗunta na rawa. Hawaye ya zubo wa wata dattijuwa, na ce Allah sarki, ta tuna da nata auren.

Hajiya Kubra ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Ai ya isa haka."

Na san kara in na gan ta. Na ce, "Hajiya, ba a rowar turare a gidan nan." Na ƙara wani dumbuzon.

Na durƙusa a gabanta, na kama gefen mayafinta na lulluɓa a kan kaskon, yadda zai shiga zare sosai. Na ce, "Na Maiduguri ne."

Ta haɗiyi yawu ta ce, "Lallai. Yana da ƙarfi."

"Sati guda yana jikinki."

"Innalillahi," ta ce a hankali. Na ɗauka mamaki ne.

(Ku dubi tarbiyya. Mata cike da ɗaki suna shaƙar kashin kura, taga a rufe, babu wadda ta yi ƙorafi, don kada su kunyata uwar amarya. Ni kuwa har akwatunan na bi na turara, ina ɗaga atamfa don ya ratsa.)

Maman Ngozi ce ta cece su. Ta ɗaga labule da tiren kifi a hannu, ta sa ƙafa ɗaya, ta ja da baya.

"Yesu! Mama, wane ne ya mutu a nan?"

Kamar jira suke yi. Matashiyar ce ta fara tashi, sauran suka bi, wannan na ture wannan, ba wadda ta nemi takalmi. Hajiya Kubra ce ƙarshe. Ba ta yi gudu ba, amma ban taɓa ganin mai leshi ta yi irin wannan saurin ba. Suka zube a bayan gida suna tari suna fifita da hannu. Na biyo su da kaskona, ban gane komai ba tukuna.

Sai na dubi bakin kududdufi. Ga ɗaya kaskon yana ta hayaƙi a hankali. Maguna sun sauko daga katanga sun kewaye shi. Guntun Kunne ya kwanta rigingine, ciki a sama, ido a lumshe, wutsiyar tarwaɗa a gefen bakinsa. Turaren Maiduguri yake sha.

Nan na gane kwalaben sun sauya wuri. Ko gobara ba ta girgiza ni haka ba.

Hajiya Kubra ta cire tabarau ta goge ido ta ce, "Baiwar Allah, don girman Allah, mene ne wannan kika ƙona mana?"

Ban iya ƙarya ba, ban taɓa koya ba. Na ce, "Kashin kura ne."

Wata ta ce, "Na me?"

"Kura. Na maguna ne. Naku ga shi can, su suke sha."

Na ga yadda za a ba da labarin: an kai lefe gidan bokanya, ta yi wa dangin ango hayaƙi. Na ga Rukayya tana jin wannan daga bakin wasu. Na ajiye kaskon a ƙasa na ce, "Hancina ba ya aiki, hayaƙin banda ya kashe shi. Kifin nan nake karewa don ku ci. Yarinya ba ta san komai ba. In zagi ne, ga ni."

Hajiya Kubra ta dube ni. Ta dubi kifin da ke tasowa a ruwa. Ta dubi Guntun Kunne, shi kuma ya yi miƙa ya juya ɗaya gefen don hayaƙi ya same shi daidai. Sai na ji wani sauti ya fito mata ta hanci. Ta kama ciki, ta zauna a kan turmi, farin leshi da komai, tana dariya har tabarau ya faɗi.

Da ta samu numfashi ta ce, "Ina ce mata ya isa, tana ce mini ba a rowa!" Sauran ma suka fashe. Ta ce, "A shimfiɗa mana tabarma a nan. Ɗakin can ko da kuɗi ba na komawa. Kuma kifin da aka yi mana wannan azaba dominsa, wallahi sai na ci."

A bakin kududdufi suka ci, Maman Ngozi na tsaye da tsintsiya tana gadin magunanta. Hajiya ta tsotse ƙaya, ta nemi ƙari, ta ce a zuba mata na maigidanta Alhaji a kwano. Kayan lefe kuwa a igiya muka shanya su sha iska. Duk wadda ta leƙo ta katanga ta ga lefen Rukayya kyauta, ba sai an kira ta ba.

Da yamma Rukayya ta dawo, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta toshe hanci. Na gaya mata komai a taƙaice. Ta ce, "Goggo, kura? Kura fa?" Na ce, "Sun cinye kifin." Ta buɗe baki za ta fara wa'azi, sai ta zauna a ƙasa tana dariya da hawaye tare.

Bayan 'yan kwanaki Hajiya Kubra ta kira ni a waya. Ta ce tana da wata farar mage da ke kwana a ƙafarta. Tun da ta koma gida da mayafin nan magen ta haye rufin ɗaki, an yi kiran duniya ta ƙi saukowa. Ta ce, "Maganinki yana ci, wuri kawai kika saɓa. In da saura ki aiko mini, magunan unguwa sun dami tattabaruna." Na aika mata har da kwalbar.

An yi biki lafiya. Yaran gidansu ango har yau Goggo Mai Turare suke kirana, in na shiga sai wani ya tashi ya buɗe taga. Kududdufi kuwa na kira mai walda ya yi masa murfin ragar waya, abin da ya kamata in yi tun farko. Guntun Kunne yana zuwa ya kwanta a kai yana kallon kifi ta ƙasa, ni ma ina kallonsa.

Abin da na koya guda biyu ne. Duk abin da zan zuba a wuta, sai mai rayayyen hanci ya sansana tukuna. Kuma in baƙo mai tarbiyya ya ce mini ya isa, yanzu ina yarda da shi.