Almakashin Goggo

"…lafiya lau, sai gajiya," in ji maƙerin, bai ko ɗago kai ba. "Wa nake ji kamar Uwar Tsumma?"

"Ni ce, Na-Toka. Ashe kana nan da rai. Na ji maƙera shiru babu amon masaba, na ce ko an raba gado ba a kira ni ba."

"Me za ki gada? Yaushe baiwa ta fara gadon ubangidanta?"

Tela ce, 'yar goggonsa, shi kuma ɗan kawunta. Tun suna rarrafe suke wannan wasan taubasai, shi ubangida ita baiwa, yanzu kowa ya ba sittin baya, gwiwa ta gaji, baki ne kawai bai san an tsufa ba. Ta kife wani tsohon bokiti ta zauna, don kujera ɗaya ce a maƙerar, ta mahaifinsa, kuma tun rasuwar tsohon tana rataye a bango ba mai hawa.

Ta kwance wani ƙunshi ta ɗora masa a cinya. Yana shafawa ya gane shi. Almakashin Goggo ne, wanda mahaifinsa ya ƙera wa ƙanwarsa da hannunsa, ga tsaga uku a marikin, alamar tsohon.

"Ya faɗa kaskon garwashin guga," in ji ta. "Ban ankara ba sai da ya yi jazur. Yanzu ba ya yanka, sai taunar yadi kamar tsohuwar akuya. Kamar kai da nama dai."

Ya san ciwon, ya san maganin. Wuta ta kashe taurin ƙarfen, sai an sake shayar da shi: a gasa ya kai wani irin ja, a tsoma a mai, a sake ɗumamawa a hankali ana kallon launin da ke bin kaifin. Aikin ido ne zalla, shi kuwa idon ne ya tafi. Wata biyar ke nan yanar ido ke rufe masa gani, duk ja ya zame masa iri ɗaya. Wuƙa biyu ya fasa wa mahauci, daga nan ya daina. Duk aikin kaifi da aka kawo sai ya jefa a akwati ƙarƙashin benci ya ce a dawo jibi, ya koma ƙera ƙugiya da turke. 'Ya'yansa sun watse, wani walda, wani tuƙi, ba wanda ya sani. Wallahi ya gaji da ɓoyon, amma tsoron ɓata aikin ubansa ya fi gajiyar.

"Kwashe tarkacenki," ya ce. "Je ki kasuwa ki sayi sabo."

"Na kasuwa gwangwani ne. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Ni ba na aikin mata. Sarakunan ƙarfe ke layi a ƙofar nan."

"Layin ne na tsallake da ƙyar. Kaza ɗaya na gani, ita ma ta ce ta fasa."

"Ranar da aka haife ni, uwar maƙera da kanta ta yi guɗa."

"Kuka ta yi. Inna ta ce da aka miƙo ka an zaci buhun gawayi ne, saura kaɗan a juye ka a murhu."

"Gwano ba ya jin warin jikinsa. Wadda ta ɗinka min riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo?"

"Rigar daidai take, kai ne a karkace."

"Ji mai magana. Kin yafo baƙin mayafi da tsakar rana kamar jemage."

Ta dubi mayafinta, sannan ta dube shi.

"Na-Toka," ta ce a hankali, "mayafin nan kore ne shar."

"Hayaƙi ne ya…"

"Wutarka ko tashi ba ta yi ba. Tun yaushe?"

Ya juya almakashin a hannu, ya sake juyawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Wata biyar. Ba na ganin launin ƙarfe. In na sa shi a wuta zan kashe miki shi, kuma babu wani irinsa a duniya."

"To sai me? Shekara arba'in ina zaɓen zare. Ja kala nawa ne ban sani ba? Kai ka riƙe, ni in duba."

"Tela a maƙera? Baba zai juya a kabari."

"Kawu cewa zai yi gara da aka samu mai hankali a gidan. Tashi, malam, ƙarfe ɗaya ba ya amo."

Ya tashi, gwiwoyi na ƙara. Ya buge ƙusar tsakiya, almakashin ya rabu biyu. Ya tura ƙofa rabi don ɗakin ya yi duhu-duhu, sai a haka launin wuta ke fitowa sosai. Ya tara gawayi, ya kama zuga-zugi.

"Miƙo min awartaki, baiwa."

Ta miƙo. Bai ga hannunta sosai ba, amma ya ji bakin awartakin yana kaf-kaf-kaf tun kafin ya iso gare shi. Kunnen maƙeri ba ya tsufa.

"Au. Ashe shi ya sa almakashi ya faɗa wuta."

"Sanyi nake ji."

"A gaban murhu? Laifi tudu ne, Uwar Tsumma."

"Shekara guda ke nan," ta ce. "Zare ma sai na yi ta fama kafin ya shiga allura. Ka faɗa wa wani in ce kai makaho ne."

"Makaho da mai karkarwa. Allah ya jiƙan wannan almakashi."

Ya cusa ɓari ɗaya cikin garwashi, yana zuga da hannun hagu, yana juya ƙarfen da na dama don zafin ya ratsa ko'ina daidai. Hannun dai bai manta komai ba.

"Me kike gani?"

"Ya fara ja."

"Ja kamar me? Kowane jaki ya san ja."

"Kamar hanta."

"Da saura. Ina son jan nunannen barkono. In ya kai ruwan lemo ya wuce, zai fashe a mai."

"Bakin ya fi gindin haske."

Ya ja shi baya kaɗan. Zufa na bin gemunsa, zuciyarsa na bugawa kamar ranar da tsohon ya fara ba shi masaba.

"Yanzu fa?"

"Dakata. Dakata mana, uban gaggawa. To, barkono."

Ya zare ya tsoma a gwangwanin mai, tsaye, baki ƙasa. Hayaƙi ya turnuƙe, tana tari tana tsine wa sana'ar gidansu. Shi kuwa kunne ya kasa, yana jiran ɗan ƙaran nan na tsagewa. Bai zo ba. Ya goga magagari a kaifin, magagarin ya zame bai kama ba, alamar ƙarfen ya yi tauri.

"An gama?"

"Yanzu kamar kwalba yake, ya faɗi ya tarwatse. Saura mai wuyar."

Ya goge gefen da dutse har ya yi fari, ya ɗora bayan ƙarfen a kan garwashi ba zuga.

"Launi zai taso daga baya ya nufi kaifi. Da kaifin ya yi ruwan zuma ki yi magana. In kika bari ya yi shuɗi, ya sake mutuwa."

"Zuma farar saƙa ko tatacciya?"

"Ke, ba shagon zare ba ne nan."

"Tambaya nake, jahili. Kala biyu ne."

Shekara hamsin yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

"Tatacciya."

"To ɗauke. Ɗauke."

Ya tsoma a ruwa. Haka suka yi wa ɗaya ɓarin, tana kiran launi yana bi kamar raƙumi da akala. Ya wasa, ya mayar da ƙusa, ya dandaƙe kanta, ya miƙa mata. Ta kama hannun rigarsa, wanda ya fi tsawo, ta datse. Ƙyas, yadi ya faɗi ba zare ko ɗaya a tsaye.

"Shekara tara ina son gyara rigar nan," ta ce. "Haka yake kuka a hannun Inna."

Maƙerin ya sunkuya ya jawo akwatin nan daga ƙarƙashin benci, wuƙaƙe da gatura suka yi ƙara a ciki. Sannan ya miƙa hannu bango, ya sauko da kujerar mahaifinsa, ya share ƙurar da guntun hannun rigar, ya ajiye ta kusa da murhu.

"Wannan fa?"

"Wurin zaman ido. Guda goma sha ɗaya ne a akwatin."

"Kujerar Kawu? Baiwa za ta hau?"

"Ki hau kafin in canza shawara."

"Sai ka faɗa da bakinka. Kuma jibi asibitin ido, ni zan ja maka sanda."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ya manta yana da ita, har da hawaye.

"Na sallama, ranki ya daɗe," ya ce. "Ni ne bawan. Gobe da ƙarfe nawa uwar ɗakina za ta iso?"