Yadda Na Dawo da Malam Sau Uku

Ba zan taɓa mantawa da Juma'o'in nan uku ba, ko da za a wanke min ƙwaƙwalwa da sabulun salo.

Ni ke kula da shafin intanet na wata Islamiyya a Kusada (ana ce min Injiniya, kuma ban taɓa hana kowa ba). Da Allah ya yi wa shugabanta Malam Ilu rasuwa ranar wata Juma'a, na shiga shafin ta waya na cire hotonsa da muryarsa ta kiran ɗalibai bayan hutu, na sa ta'aziyya.

Juma'ar da ta zagayo, ɗansa Malam Sabi'u ya kira ni: "Injiniya, Baba ya dawo."

Na buɗe. Babu ta'aziyya. Ga Malam da rawaninsa yana kallona, muryarsa na cewa a hankali, "Ku dawo, ina nan ina jiran ku." Wallahi har gashin kunnena ya miƙe. Na goge. Wata Juma'ar ya sake dawowa, na sake gogewa. Iyalinsa suka daina barci, iyaye suka fara riƙe 'ya'yansu a gida. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce wannan ya fi ƙarfin boko.

Juma'a ta uku dattawa suka taru a Kankia bayan masallaci don a yi addu'a. Na buɗe kwamfutata a tsakiyar tabarma in nuna musu shafin fes. Ana cikin tofi, wani koren layi ya fara jan ciki a kan allon. Sai muryar. Wani dattijo ya bar takalminsa ɗaya.

Sabi'u kaɗai ya matso ya karanta: "An turo daga 'Sarkin Injiniyoyin Katsina'. Wane ne shi?"

Sunan da na raɗa wa kwamfutata ke nan.

Ashe tsohon kwafin shafin na cikinta, kuma ni na saita ta ta riƙa tura shi kan shafin da kanta, na manta. A garin Ƙofa inda nake zaune sabis ba ya ɗaukar manyan fayiloli, sai Juma'a in na shigo Kankia gaida surukaina ta samu hanya.

"To, Sarki," in ji Sabi'u, "don Allah a bar Baba ya huta."

Tun ranar, kafin in tura komai sai na fara sauko da abin da ke kan shafin. Kuma in an ce fatalwa, jakar kwamfutata nake fara lalubawa.